Kyamarar Baba Mai Aski

Abin ya samo asali ne daga shagon da aka buɗe a tsallaken titi. Wasu samari ne suka kama wurin, suka shafe shi da baƙin fenti, suka jera fitilu, sannan suka cika gilashin ƙofa da hotunan kawunan da suka aske. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ja birki ya yi kallo, wani har ya nuna da yatsa ya ce irin wannan yake so. Baba Mai Aski kuwa, da ya fi kowa daɗewa a layin, abin da ke jikin bangonsa takarda ce guda mai hotunan wasu mutane da bai taɓa gani ba, rana ta cinye ta har kawunan sun koma kore-kore. Ya ce a ransa ai shi ma yana da kawuna, kuma nasa sun fi gyaruwa. Abin ɗaukar hoto kawai ya rasa.

Akwai wani dalilin da bai faɗa wa kowa ba. Autarsa, malamar makaranta, wadda ita kaɗai ta rage tare da shi a gida tun rasuwar mahaifiyarta, ta sa shi gaba a kan ya je ya ga likita, ya rufe shago ya huta. Ta fara ne tun ranar da ta ga shayi yana fallatsa daga kofinsa. Shi ya ce kofin ne ba shi da mariƙin kirki. Da makulli ya ƙi shiga kwaɗo, ya ce kwaɗon ne ya yi tsatsa. Baba bai taɓa rasa wanda zai ɗora wa laifi ba, in dai ba hannunsa na dama ba ne. Lissafinsa mai sauƙi ne: in hotuna suka hau bango, mutane za su dawo, in shago ya cika, ba mai ƙara ce masa ya huta. Kuma gaskiya tsoron hutun yake ji, don bai san abin da mutum yake yi da hannuwansa ba in ya wayi gari babu kan da zai taɓa.

Wayarsa 'yar ƙarama ce mai maɓallai, hoton da take ɗauka ko mai shi ba zai gane kansa ba. Wayar shafa kuwa ya rantse ba zai riƙe ba, wai abin da ba shi da wurin dannawa ba kayan aiki ba ne. Kyamara yake so, 'yar madaidaiciya, wadda zai zura a aljihun riga. Kuskurensa shi ne da ya faɗi haka a gaban jama'a.

Direba na kan kujera a lokacin, an ɗaura masa ƙyalle a wuya. Tsohon direban bas ne, abokin Baba tun suna samari, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ko da abinci a ciki. Tela, maƙwabcin shago, yana zaune a benci yana jiran wuta ta dawo ɓangarensa.

"Ka sayi mai dogon hanci," in ji Direba. "Irin wadda hancin ke fitowa zuuu. Daga nan sai ka ɗauko mutum a tasha."

"Me zan yi da mutumin tasha? Kan da ke gabana nake so."

"Rabu da shi," in ji Tela. "Hanci na me? Megafiksel ake dubawa."

"Mene ne shi?"

Tela ya ɗan sosa ƙeya. "Shi ne dai abin da ke ciki. In ya yi yawa, ya yi kyau."

"Ƙarya ne," in ji Direba. "Surukina ya ce in ya yi yawa hoton nauyi yake yi."

"Hoto yana nauyi?" Baba ya tsaya da injin aski a hannu. "Takarda ce fa."

"Ba a takarda ba, a cikin kyamarar."

"To in na ɗauki hotuna da yawa aljihuna zai yage ke nan?"

Suka ci gaba da gardamarsu. Tela ya ce ya nemi wadda ruwa ba ya shiga, Direba ya ce ashe a ƙarƙashin famfo ake aski. Direba ya ce mai batir irin na rediyo, Tela ya ce wannan tun zamanin da Direba ke da gashi aka daina yin ta. Kafin a gama cacar bakin, kan Baba ya ɗaure tamau.

Ya ajiye inji, ya kaɗa kumfa, ya shafa wa Direba, ya buɗe aska. Ya kafa ƙaramin yatsansa a muƙamuƙin abokinsa kamar yadda maigidansa ya koya masa tun yana yaro. Nan take Direba ya yi tsit, maganar batir ta mutu a tsakiya. Kwanan nan haka yake yi, da aska ta fito sai bakin ya rufe. Baba ya ɗauka tsufa ne ya fara kama shi, har yana tausaya masa. Su ma sauran mutane duk sun zama masu sauri, da an gama aske musu kai sai ka ji, "A bar gemun, Baba, ana jirana." Shi dai ya ce mutanen yanzu ba su da natsuwa.

Ranar da ba ya buɗe shago ya sa rigarsa mai guga ya hau mota zuwa kantin kayan lantarki. Bai gaya wa Auta ba. Wuri ne mai sanyi, ko'ina gilashi, talabijin sun cika bango guda duk suna nuna kifi ɗaya yana iyo. Can ƙurya ya tarar da kyamarori a jere cikin akwatin gilashi, baƙaƙe da masu ruwan azurfa, kowace da 'yar takarda a gabanta cike da lambobi. Ya sunkuya ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu, ya koma ta farko bai tuna abin da ya gani ba.

Wata budurwa mai tabarau, cikin rigar ma'aikatan kantin, ta matso.

"Sannu da zuwa, Baba. Me za a ba ka?"

"Kyamara, 'yata. Mai megafiksel."

"Duk suna da shi, Baba."

"To wadda ba ta yi nauyi da shi ba."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta haɗiye dariyarta, don da gani an yi mata tarbiyya. "Me za ka riƙa ɗauka da ita?"

"Kawuna."

"Na'am?"

"Kawunan mutane. Ta baya, ta gefe. Aski nake yi."

"Oh! To a cikin ɗaki ne ke nan, kuma kusa-kusa." Ta buɗe akwatin ta fara fito da su ɗaya bayan ɗaya. Wannan tana jawo abu daga nesa, amma in wuri ya yi duhu-duhu sai ta rikice. Waccan idonta babba ne, tana son cikin ɗaki, amma ba ta jawowa sosai. Wannan tana gane fuska da kanta.

"To ƙeya fa? Tana gane ƙeya?"

Yarinyar ta ɗan yi tunani. "Gaskiya ba a taɓa tambayata ba."

Ta ci gaba. Akwai jawowa ta gaske, akwai ta ƙarya wadda hoton kawai take buɗawa ya farfashe. Akwai katin da ake sakawa a ciki, shi ma kala-kala, wani mai gudu wani mai tafiyar hawainiya. Baba yana gyaɗa kai yana "Haka ne, haka ne," alhali tun daga idon nan babba ya ɓace. Ji yake kamar an sa shi a tsakiyar kasuwa an ce ya nemo wani mutum da ba a faɗa masa sunansa ba.

Ta miƙa masa wata 'yar siririya ta ce ya gwada. Ya ɗaga ta da hannu biyu ya auna talabijin. A ɗan allon bayanta kifin ya yi ta tsalle, sama da ƙasa, alhali a bango lafiya lau yake iyo. Yarinyar ta kalli allon, ta kalli hannun. Ta karɓa a hankali, ta ɗauko wata.

"Baba, wannan ita zan ba ka shawara. Ba ta da wuya, maɓalli ɗaya ne. Kuma tana da wani abu a ciki da ke gyara rawar hannu. Ko hannun mutum yana ɗan motsi, hoton zai fito tsaf."

Da ta san inda maganar za ta sauka da ba ta yi ta ba. Baba ya miƙe tsaye sosai, ya sha kunu.

"Hannun wa?"

"A'a, Baba, kowa ma ai hannunsa yana..."

"'Yata, tun kafin a haifi babanki nake ɗora aska a maƙogwaron mutane. Ki je layinmu ki tambaya ko an taɓa ganin ɗigon jini a shagona. Wannan ki ajiye wa masu rawar hannu. Wacce ce ba ta da abin?"

Ta nuna masa wata a can ƙarshe, tsohuwar yayi, ita kaɗai ta rage a irinta. Ya ɗauka ya jinjina ta a tafin hannu, yadda yake jinjina injin aski kafin ya saya. A sana'arsu abu mai nauyi shi ne mai ƙarko, mara nauyi kuwa kayan wasan yara ne. Wannan tana da nauyi, ga maɓallai birjik, ga hanci yana fitowa zuuu, ko ba komai zai rufe bakin Direba. Yarinyar ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga fuskarsa, ta fasa. Ta saka masa kati, ta nuna masa inda ake dannawa, ta ce in bai ji daɗinta ba ya dawo da ita a kwalinta a canza masa.

A makon nan duk wanda ya zauna a kujerar Baba sai da aka ɗauke shi hoto. Ya ɗauki mai gadin banki, ya ɗauki wani ɗan makaranta da ubansa ya kawo, ya ɗauki Tela ta baya da ta gefe. Da yamma, in ƙafa ta ɗauke, sai ya zauna a benci ya sa tabarau ya duba aikin ranar. Kowane kai ya fito biyu-biyu. Kunnuwa sun koma huɗu, layin da ya fitar a goshi, wanda da shi yake alfahari, ya narke kamar an shafa shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Ya goge idon kyamarar da gefen riga. Ya juya wata 'yar da'ira da ke samanta zuwa hoton fure, ya mayar da ita hoton dutse, ya mayar da ita hoton wani mutum mai gudu. Ya danna wani abu, fitila ta walƙa a madubi ta kusa makantar da mai gadin banki. Ya danna wani, rubutun allon gaba ɗaya ya koma wani harshe mai kama da ƙugiyoyi. Tela ya ce megafiksel ne ya yi kaɗan. Direba ya ce yawa ya yi. Wani fasinjan benci da ba a tambaye shi ba ya ce katin ne mai tafiyar hawainiya.

Baba ya mayar da ita kwali ya koma kanti ransa a ɓace.

"'Yata, kin ba ni mai ciwon ido."

Ta karɓa, ta mayar da rubutun yadda yake, ta ɗaga ta ɗauke shi yana tsaye yana huci. Ta juyo masa da allon. Ga shi nan tsaf, har furfurar girarsa ana iya ƙirgawa. Ya karɓa ya ɗauke ta. A hoton ta fito da tabarau biyu.

"Kin motsa," in ji shi.

"Wataƙila, Baba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Waccan ɗin tana nan fa, har yanzu ban sayar ba."

Ya yi kamar bai ji ba. A mota yana ta juya abin a ransa. In kyamarar ce, me ya sa ta yi wa yarinyar aiki? In yarinyar ce ta motsa, su kawunan shagonsa fa, duk motsi suka yi? Kafin ya sauka ya samo amsa, kuma ya ji daɗinta ƙwarai: haske ne. Kantin nan fitilu ne ko'ina, shagonsa kuwa ƙwan fitila ɗaya ne a sama. Bai bari kansa ya tambaye shi me ya sa a hasken kantin ma nasa hoton ya rabu biyu ba.

Kashegari da la'asar Auta ta biyo ta shago daga makaranta, da jakar littattafan 'yan ajinta a kafaɗa, don ta manta makullin gida. Ta gaida Direba, wanda ke kan kujera an gama masa kai, ta hango kwalin a kan teburin madubi.

"Baba, wannan fa?"

"Kyamara ce. Ta aiki."

"Yaushe ka saya? Shi ne ko ka ce in raka ka?"

"Ke dai ɗauki ki gani. Lafiyarta ƙalau, hasken shagon nan ne ba ta so. Gwada ki gani da idonki, kada gobe a ce ni ne." Ya ɗauko kofin kumfa. "Ɗauke mu ina yi wa wannan tsohon gemu. Za ki ga yadda za mu fito huɗu."

"Ki ɗauke ni ta ɓangaren da na fi kyau, 'yata," in ji Direba.

"Baffa, ai sai a yi ta nema har dare."

Direba ya ƙyalƙyale da dariya, ya fara ba ta labarin wani mai hoto da ya taɓa ɗauka a bas. Baba ya shafa kumfa, ya buɗe aska, ya kafa ƙaramin yatsa. Labarin mai hoto ya tsaya cak. Auta ta ja da baya ta jingina da ƙofa, ta danna.

Ta daɗe tana kallon allon.

"Ya fito huɗu ko?" in ji Baba, bai ɗago ba.

"Baba, bari sai mun je gida."

"Kawo nan."

Ya ajiye askar a gefen madubi, ya sa tabarau, ya karɓa. Hoton ya fito fes. Ga kwalaben turare a jere ana karanta rubutunsu, ga tsagar da ke kusurwar madubi, ga tsohuwar takardar bango da korayen kawunanta. Ga shi kansa a sunkuye, fuskarsa a natse irin ta mutumin da ya san aikinsa. Abu ɗaya ne bai fito ba. Daga wuyan hannunsa na dama zuwa bakin askar babu komai sai wani hazo-hazo fari, kamar hayaƙi a gefen wuyan Direba.

Ya kai yatsa ya goge wurin, ko datti ne a allon. Bai gogu ba.

Sai idonsa ya sauka a kan Direba na cikin hoton. Shekara da shekaru yana yi masa gemu, amma mai aski fata yake kallo, ba mutum ba. Idanun Direba a runtse suke gam. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ƙyallen ya ɗan zame ta gefe, ga hannunsa ya damƙe hannun kujera kamar mai riƙe da sitiyari a gangara birki ya tsinke.

Baba ya gyara zaman tabaransa. Ya dubi hoton, ya dubi abokinsa da ke zaune rabin fuska kumfa.

"Direba."

"Na'am."

"Tun yaushe?"

Direba bai tambayi me ake nufi ba. Ya buɗe ido yana kallon silin. "An ɗan jima."

"Shi ne kake yin shiru."

"To da surutu zan yi, muƙamuƙi yana motsi, hannu yana motsi? Ai gara ɗaya ya tsaya."

"Su masu cewa ana jiransu..."

"Ba mai jiransu. Wa zai jira mai gadin banki?"

Baba ya so ya yi dariya, ya kasa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har da ta yarinyar kanti da ya yi wa faɗa a banza. "Me ya hana ka faɗa mini? Ko ka tsallaka wurin yaran can? Ga su nan, hannunsu lafiya lau."

"In tsallaka su ɗauke ni hoto su manna a gilashi?" Direba ya juyo ya dube shi. "Kai ka yi mini askin angonci. Kai ka aske ni ranar da na kai uwar yara makwancinta. In na tashi daga kujerar nan, wa zai zauna maka? Na ce dai in ta yanka, ta yanka, ai ba baƙo ne ya yanke ni ba."

Auta ta juya tana gyara littattafan da ba su hargitse ba. Ƙarar keken ɗinkin Tela na shigowa ta bayan bango.

Baba ya ɗauki askar. Ya riƙe ta a gabansa, ba tare da ya jingina yatsa a ko'ina ba, ya tsaya yana kallon bakinta yana kaɗawa a hasken ƙwan nan guda. Wannan karon bai nemi wanda zai ɗora wa laifi ba. Ya goge ta a tawul, ya ninke, ya ja aljihun tebur ya saka, ya tura ya rufe.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Likitan nan da kike ta faɗa. Ki nema mana rana." Ya mayar da kyamarar cikin kwali, murfin ya ƙi shiga sai da ta taya shi. "In mun fito mu biya kantin. Akwai wata yarinya mai tabarau, ta ajiye mini wata. Kafin a canza, ki ce su wanke mini wannan hoton."

"Wannan ɗin, Baba? Bari in sake ɗaukar wani mai kyau."

"Shi nake so."

Direba ya yi gyaran murya. "To ni fa? Haka zan fita, rabi ango rabi tsoho? Kumfar ma ta bushe."

Baba ya jiƙa tawul ya goge masa fuska, ya ɗauko injin aski ya kunna. Ya dafa kan abokinsa da hannun hagu.

"Da inji zan ƙarasa. Ba zai yi sumul kamar da ba."

"Wa ke kallona?"

"To ci gaba da labarin mai hoton," in ji Baba. "Ka daɗe ba ka cika mini kunne ba."

Direba ya saki hannun kujerar, ya miƙe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko labarin tun daga farko.